A bar ɗaliban kiɗa su ƙaga nasu

Wasu iyaye na cewa kiɗa roƙo ne, wasu malamai kuma na cewa zaman ƙirƙira ɓata lokaci ne, a tsaya ga hadda. Duk sun yi kuskure. Yaron da ya shekara uku yana maimaita waƙar wani, bai taɓa haɗa amshi nasa ba, aku muka yaye. Malam Maman Barka mushen lakwal ne. Ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram wurin Bukar Tar, ya ƙaga sababbin waƙoƙi da shi, duniya ta ji. Ya rasu a 2018. Ɗaliban kiɗa, a CFPM ta Yamai ko ina, a ba su gurumi da kalangu da awa biyu kowane mako su gwada nasu. In ba haka ba, wa zai gaje shi?