Kafin ka buga katin biki, fara duba fasfon Baba

Ka sha ganin irin bidiyon nan a Instagram: ango da amarya a Landan, ɗaki ya cika, ana ta liƙi, can gefe wani ya ɗaga waya sama don Mama da Baba su kalla ta WhatsApp daga Kano. Sau da yawa kuɗin jirgi akwai, biza ce aka hana.

Idan yayanka ko yayarka na Ingila za su yi aure, kai ne za a ɗora wa cike fom, tunda kai ke riƙe da waya. To, saurara.

Iyaye bizar ziyara za su nema, wadda ke ba su damar zama har wata 6. Ana iya nema tun wata 3 kafin tafiya, kuma amsa kan fito cikin kusan mako 3 bayan an je an ɗauki hoton yatsu. Idan aka hana, kuɗin ya tafi, kuma irin wannan biza galibi ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Sai dai a sake nema daga farko. Saboda haka kama ɗakin taro da raba kati kafin a ga biza cinikin biri a sama ne.

Jami'in da ke duba takardu ba ruwansa da kyawun katin gayyata. Tambayarsa ɗaya ce: idan an gama biki, mutanen nan za su koma gida? Abin da ke amsa ta shi ne takardar fansho, shagon Baba, gona, gida, da ƙannen da ke makaranta. Idan ango ne zai biya komai, ya rubuta haka ƙarara, ya haɗa da shaidar albashinsa da ta izinin zamansa.

Inda muke cutar kanmu shi ne wajen 'yan "kawo in yi maka". Ejan zai ce a zuba miliyoyi a asusun Baba kwana biyu kafin a ciro takardar banki. Tsohon da fanshonsa bai taka kara ya karya ba, rana ɗaya a ga miliyan 10? Jami'in ma yana da ido. In kuwa aka kama takardar bogi, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. Ka ga garin neman biki ɗaya, an rufe wa Mama ƙofar zuwa sunan jika.

Ni a ganina, mafita tana cikin al'adarmu. Ɗaurin aure ba ya buƙatar ango da amarya a wurin. Waliyyi, wakili, shaidu da sadaki sun wadatar. A ɗaura a ƙofar gidan Baba, gaban dangi da maƙwabta, sannan a sa ranar walimar can bayan biza ta fito. Ko an hana, ba wanda ya ƙwace wa uba matsayinsa.

Ka tura wa yayanka wannan kafin ya biya kuɗin ɗakin taro. Kai kuma ka ɗauko fasfon Baba yau, ka duba ko bai mutu ba.