Ku Daina Barin Ɗan Kwangila Ya Zaɓa Muku Madabod

Abin da ke faruwa a ofisoshinmu tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 ya ishe ni. Makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, shagunan buga takardu, sakatariyoyin ƙananan hukumomi, kowa ya tashi sabunta kwamfuta, kuma kusan kowa kuɗinsa na zubewa a wuri guda: madabod, allon nan da firosesa da RAM da ma'ajiyar bayanai duk suke zaune a kansa. Shugaban ofis zai tsaya ya yi ciniki mai zafi a kan kujerar da zai zauna, amma abin da lissafin albashin ma'aikata da sakamakon jarrabawar ɗalibai za su rataya a kansa, sai ya ce "a kawo mai kyau kawai", ya sa hannu. Sakaci ne, kuma galibi ba da kuɗin aljihunsa yake yin sa ba.

Wani lokaci cutar ta tsada ce. A kawo wa sakatariya madabod na 'yan wasan gem, irin Z790, mai fitilu kala-kala da ramukan da har kwamfutar ta mutu ba za a cusa musu komai ba. Aikinta Word ne da Excel da firinta. Madabod mai H610 ko B760 da Core i3 zubi na 12 ya wadatar da ita, haka ma A520 ko B550 da Ryzen 5 5600G. Rarar kuɗin da aka biya ba ta ƙara wa wasiƙa ko ɗaya sauri ba, kuma duk mun san aljihun da ta faɗa.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai ita ce cutar araha, domin masu ƙaramin ƙarfi take kamawa. Mai shagon buga takardu ya tara 'yan kuɗinsa da ƙyar, a ce masa, "Alhaji, i7 ce fa!" Ba wanda zai gaya masa i7 ɗin zubi na 3 ce, ta shekarar 2012, wadda i3 zubi na 12 ta yi wa fintinkau. Ba wanda zai gaya masa Windows 11 na neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da kariyar TPM 2.0. Sai a bi ta bayan gida a ɗora masa Windows 11 a kan injin da ba ta amince da shi ba, alhali Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan kwamfutoci ba. Ga kuma madabod marasa asali da ake rubuta wa X79 ko X99, waɗanda ake haɗawa da sassan da aka ciro daga tsofaffin injina, a liƙa musu firosesar Xeon da ta gama aikinta a wata ƙasa shekara da shekaru. Ba ta fitar da hoto da kanta, dole a ƙara sayen katin hoto, ga shan wuta, ga zafi. Wanda ya san duk wannan ya kuma sayar wa mai neman abincin iyalinsa bai yi masa bayani ba, ha'inci ya yi, ko da a sahun gaba yake salla.

Abin takaicin shi ne sanin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Kowace firosesa da irin mazauninta. Soket ɗin LGA1700 na ɗaukar Intel zubi na 12 da 13 da 14, LGA1200 kuwa zubi na 10 da 11 kawai. AM4 na kamfanin AMD ya fito tun 2016, ya kuma ɗauki firosesoshi har zuwa Ryzen 5000, shi ya sa har gobe kayansa suke da sauƙin samu, ko da yake tsohon B450 kan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya karɓi sababbin. RAM ma haka: DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, ko an danna da ƙarfi. AM5 bai san komai ba sai DDR5, madabod na LGA1700 kuma akwai mai wannan akwai mai waccan. Ofishin da yake da DDR4 lafiyayyu a tsofaffin kwamfutocinsa, me zai sa a saya masa abin da zai tilasta a zubar da su? Sannan firosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, kamar i3-12100F, ba ta da sashen hoto. Za a jona waya a bayan madabod, allo ya ƙi kawo komai, a ce wa maigida sai ya ƙaro kuɗi.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu a nan, inda yawancin kwamfutocin ofis 'yan kwatano ne. Da yawa daga cikin ƙananan akwatunan Dell OptiPlex da HP ProDesk an ƙera su ne da madabod da wayoyin wuta nasu na kansu. Sabon madabod na kasuwa, mai neman wayar wuta mai fil 24, ba zai zauna a cikinsu ba. Duk mai gyaran da ya karɓi kuɗin madabod bai buɗe akwatin ya duba ba, bai san aikinsa ba ko kuma bai damu ba.

Na san za a ce ai wutar ƙasar nan ce ke kashe kaya, ko me ka saya. Gaskiya ne wutar na kisa. To, don me ake kashe dubban nairori a kan madabod, sannan a haɗa shi da fawa-fak (akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta) mafi araha a shago, wanda ka ɗaga ka ji kamar babu komai a cikinsa? Wuta ta ɗauke, a tayar da janareta, a juya layi kwamfuta na kunne, babu UPS, babu sitabilaiza. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu ya haura digiri 40, ba wanda ya taɓa buɗewa ya hure. Ranar da ta ƙi tashi a ce "bod ya ƙone", a sake rubuta takardar neman kuɗi. A wasu ofisoshin ma wannan ƙonewar ita ce hanyar cin abincin wasu, shi ya sa ba a son a magance ta.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Kwamfutar ofis madabod ɗan madaidaici take so, micro-ATX, daga kamfanin da aka san shi kamar ASUS ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, mai gurbin M.2 don SSD, mai ramukan RAM aƙalla biyu, mai mafitar hoto da ta dace da allon da ke kan tebur, domin har yanzu ofisoshi da dama VGA suke amfani da ita. Idan kwamfutoci goma za a yi, a sayi iri ɗaya, yadda in ɗaya ta lalace za a san abin da za a nema.

Shugabannin makarantu, masu asibitoci, daraktocin kuɗi, da ku nake. Kada ku sake sa hannu a takardar da aka rubuta "madabod guda goma" kawai. A rubuta sunan kamfani, da lambar samfuri, da zubin firosesa, da watannin garanti, a kan rasit mai hatimin shago. A buɗe kwali a gabanku, a kunna a gabanku. Ɗan kwangilar da ya ƙi wannan sharaɗi, ku karɓe aikin ku ba wani.