Takunkumin Amurka: Yadda kwabon Kyuba ka iya jawo wa ɗan kasuwarmu fitina

Duk wanda ya san unguwar Mount Hope da ke yankin Bronx a birnin New York, ya san cewa mutanenmu da suka zo daga Kano da Maraɗi da zangon Kumasi da Nima ta Ankara sun daɗe da kafa gindi a wurin, kuma sun zo da halinsu na gado, wato saye da sayarwa. Daga titin Tremont zuwa Burnside har Jerome, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ji Hausa ba. To a 'yan shekarun nan ciniki ya koma intanet, har ta kai yaranmu na ɗaukar hoton duk abin da suka tsinta a adakar gida su sa shi a kasuwa, ciki kuwa har da tsofaffin sulalla na ƙasashen waje. A nan ne muke ganin ya kamata mu ja hankalin jama'a, domin akwai kwabon da sayar da shi laifi ne a dokar Amurka.

Tara tsofaffin kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidaje da yawa na ajiye da anini da kwabo mai huji da taro da sisi da sule na zamanin Turawa, waɗanda aka daina kashewa tun tuni, musamman bayan da Gana ta fito da sidi a 1965, Nijeriya kuma ta fito da naira a ranar 1 ga Janairun 1973. Waɗannan babu mai hana ka sayar da su. Matsalar tana ga kuɗin ƙasashen da Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumin ciniki, kuma babbar cikinsu ita ce Kyuba.

Idan mai karatu bai manta ba, Shugaba John Kennedy ne ya sa hannu a kan cikakken takunkumin a watan Fabrairun 1962, shekara uku bayan Fidel Castro ya karɓi mulki, sannan a watan Yulin 1963 aka fito da ƙa'idojin aiwatar da shi. Wani ofishi ne a Ma'aikatar Kuɗi, wanda ake kira OFAC, ke sa ido a kan lamarin. Ƙa'idar ta hana duk wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka shigo da kayan Kyuba ko yin cinikinsu ba tare da izini ba, kuma ba kayan da aka ƙera a can kaɗai ba, har da wanda ya taɓa zama a ƙasar ko ya ratsa ta cikinta. Abin lura shi ne, ba ɗan ƙasa kawai take nufi ba. Mai takardar zama na dindindin yana ciki ko da ya je hutu gida, haka ma baƙon da ƙafarsa ke kan ƙasar Amurka.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da kuɗin Kyuba? Ai akwai hanya. Tun zamanin Jerry Rawlings, a shekarun 1980, Gana ta riƙa tura yara karatu Kyuba, kuma likitocin ƙasar sun daɗe suna aiki a asibitocin Afirka ta Yamma. Wanda ya dawo kuwa ba ya rasa 'yan canji a aljihu, musamman sulen nan na peso uku mai ɗauke da hoton Che Guevara, wanda 'yan yawon buɗe ido ke rububinsa. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura peso 300 a kasuwar bayan fage ta Havana, ke nan darajar wannan sule ba ta wuce santi ɗaya ba. A kan santi ɗaya ne mutum ka iya jefa asusunsa na banki cikin hatsari.

Dokar ta bambance tsakanin ajiya da ciniki. Matafiyin da ya je Kyuba da izini yana iya dawowa da tsaraba a cikin kayansa don amfanin kansa, ban da giya da taba, waɗanda gwamnatin Donald Trump ta sake haramtawa a watan Satumbar 2020 bayan sassaucin da Barack Obama ya yi. Amma da zarar ya sa wa tsarabar farashi, magana ta canza. Haka kuma gyaran dokar da ɗan majalisa Howard Berman ya kawo a 1988 ya tsame littattafai da finafinai da faya-fayai da zane-zane daga takunkumi, sai dai jerin bai ambaci sulalla ba.

Abin dariya a nan shi ne, sulallan farko na Jamhuriyar Kyuba, na shekarar 1915, a birnin Philadelphia aka buga su, tafiyar kamar awa biyu daga Bronx, kuma Amurka ta ci gaba da buga wa Kyuba kuɗi na tsawon shekaru bayan haka. Masu sha'awar tara kuɗin sun daɗe suna cewa kwabon da ya shigo Amurka tun kafin a haifi takunkumi bai kamata a hana cinikinsa ba, kuma a ganinmu suna da hujja. To amma kwabo ba ya magana. Shekarar da ke jikinsa ta nuna lokacin da aka buga shi ne kawai, ba ranar da ya bar Havana ba. Saboda haka a watan Afrilun 2013 kamfanin eBay ya yanke shawarar hana tallan sulalla da takardun kuɗi da kan sarki na Kyuba baki ɗaya, tsoho da sabo, ya haɗa mai gaskiya da mai laifi ya yi musu kuɗin goro.

Kamfanonin ba mugunta suke yi ba, tsoro ne. A watan Maris na 2015 PayPal ya amince ya biya gwamnati kusan dala miliyan 7.7 saboda hada-hadar da ta ratsa ta hannunsa wadda ta saɓa wa takunkumi, ciki har da na Kyuba da Iran da Sudan. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa na'urorinsu ke tace kalmomi, ta yadda rubuta sunan ɗaya daga cikin ƙasashen nan a bayanin biyan kuɗi kan isa a riƙe kuɗin har sai an yi bincike.

A nan ne abin ya fi shafarmu. Ba mu ce za a zo a kama yaro don ya sayar da kwabo ɗaya ba, ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 20 an tanade shi ne don masu karya doka da gangan. Sai dai tarar da ofishin ke ci ba ta buƙatar a tabbatar mutum ya san dokar, kuma a watan Afrilun 2024 an tsawaita wa'adin bin sawun irin wannan laifi daga shekara 5 zuwa 10. Ko ba a kai ga tara ba, a ce an rufe wa direban tasi ko mai shagon kayan abinci asusun da yake aika wa iyayensa kuɗi a ƙarshen wata, ai an gama da shi, balle wanda ke jiran takardun zama ɗan ƙasa kuma yake gudun duk wani tabo a kan sunansa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne jerin ƙasashen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sudan, inda muke da dangi birjik tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, ta shiga takunkumi a watan Nuwambar 1997, aka cire shi a watan Oktobar 2017. Dardumar Iran kuwa an halatta shigo da ita a 2000, aka haramta a 2010, aka halatta a 2016, aka sake haramtawa a 2018. Na Siriya an soke shi a ƙarshen watan Yunin 2025. Na Kyuba ya fi taurin kai, domin dokar Helms-Burton ta 1996 ta mayar da ikon cire shi gaba ɗaya hannun majalisar dokoki.

Mu dai ba mu ga yadda hana cinikin kwabon 1915 zai girgiza gwamnatin Havana ba. Mun kuma ɗanɗana takunkumi a gida lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta rufe wa Nijar iyaka daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, muka ga talakan Maraɗi da na Jibiya ne suka sha wuya, ba masu mulki ba. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 1992 yake kiran a janye na Kyuba, inda a 2024 ƙasashe 187 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi. To amma ƙuri'ar zauren ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma bankin da ke kan titin Grand Concourse umarnin Ma'aikatar Kuɗi yake bi.