Ra'ayinmu: Na'ura Ba Ta Riƙe Mita Ba

Lokacin rubuta kundin digiri ya sake zagayowa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na sashen injiniyan lantarki sun sami sabon magatakarda. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ɗalibin da ya kwana uku yana haɗa wayoyi yana iya samun babi sukutum cikin minti biyu, da Turanci mai santsi wanda malaminsa ma bai isa ya gyara ba. Wannan mujalla ba ta ƙyamar ci gaba. Mun san injiniyoyi masu hannu da ƙwaƙwalwa waɗanda Turanci kaɗai ya durƙusar da su, kuma idan ƙirƙirarriyar basira za ta miƙe musu jimla, ta tsara musu babi, madalla.

Amma kundin injiniya shaida ne. Mai shi yana cewa: na haɗa kaza, na auna, ga abin da mita ta nuna. Na'urar nan kuwa ba ta taɓa riƙe mita ba. Aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta, bisa ga tarin rubuce-rubucen da aka ɗura mata, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu na Amurka ne. A can wutar gida bolt 120 ce, tana juyawa sau 60 a sakan. A nan tamu bolt 230 ce, sau 50. Injin da filinsa ke zagaye 1,800 a minti a can, 1,500 zai yi a nan. Su suna auna kaurin waya da ma'aunin AWG, mu da murabba'in milimita. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne launi: a Amurka baƙar waya ita ce mai wuta, alhali a tsohon tsarin Ingila da muka gada, wanda ke cikin bangon gidajenmu da yawa har yau, ja ce mai wuta, baƙa ita ce nutural. Ɗalibin da bai faɗa wa na'ura inda yake ba, ya kwafe abin da ta ba shi, ya rubuta takardar da wani lebura zai bi wata rana da hannunsa.

Ga kuma ƙagen madogara. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙirƙiro, ba a taɓa yanke su ba. Wadda ta ƙaga wa lauya shari'a, me zai hana ta ƙaga wa ɗalibi sunan littafi, ko ta cika masa jadawalin gwajin da bai yi ba? Abokanmu da suka riga suka kama aikin gwamnati sun fi mu sanin inda irin wannan takarda take ƙarewa: cikin fayil, a sa hannu, a ba da kwangila. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, mutum take yi wa rajista, shi ne kuma za a nema ranar da taransifoma ta kama da wuta.

To, sai dai ba mu tare da malaman da ke ganin magani shi ne a sayo wata na'ura ta kama ta farko. OpenAI da kansa ya janye manhajarsa ta gano irin wannan rubutu a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A wannan shekarar ce masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa ire-iren waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin aikin na'ura. Wato mu ke nan. A kori ɗalibi mai gaskiya bayan shekara biyar a kan irin wannan shaida zalunci ne, kuma ƙungiya ba za ta zuba ido ba.

Abin da muke nema a wurin hukumar jami'a ƙa'ida ce a rubuce. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ba ta haramta abin ba. Ta ce duk marubucin da ya sa rubutun na'ura a maƙalarsa ya bayyana haka a fili. A ɗauki wannan. Kana a tilasta wa kowa ajiye littafin gwaji da rubutun hannunsa, kamar yadda muke yi a lokacin SIWES, malami yana sa hannu mako-mako. Ranar kare kundi kuma a rage duba waƙafi da aya, a miƙa wa ɗalibi alli, a ce ya sake lissafin kaurin wayarsa a kan allo. Muna roƙon shugabanninmu su kai wannan magana gaban majalisar jami'a kafin a fara zaman kare kundi na bana.