Gyambon Kwanciya da Harshen Mai Zaman Jinya

A asibitocin Arewacin Nijeriya, kaso mai yawa na hidimar majinyaci yana wuyan ɗan'uwan da ke zaman jinyarsa. Shi ke masa wanka, shi ke ciyar da shi, shi ke kwana a gefen gadonsa. Sai dai ba kasafai ake yi masa bayanin gyambon kwanciya ba. Wannan rauni yana samuwa ne idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata a kan ƙashi, musamman a ƙugu da dunduniya, har jini ya kasa isa wurin, naman ya mutu. Masu shanyewar ɓarin jiki da tsofaffi ne suka fi faɗawa cikinsa.

Tun 1987 ake da Ma'aunin Braden na gano masu wannan haɗari, kuma juya majinyaci duk bayan awa biyu sananniyar ƙa'ida ce. Amma ilimin ya maƙale cikin Turancin takardun asibiti. Wajibi ne ma'aikatan jinya su koya wa mai zaman jinya da Hausa, tun ranar kwantarwa, yadda zai juya majinyaci, ya busar da shimfiɗarsa, ya kuma kai rahoto da zarar launin fata ya sauya.