Hunturu a Hanyar Mubi

Wanda ke son sanin yadda ƙasar nan ke riƙon yankunanta na bakin iyaka, ya hau motar haya daga Yola zuwa Mubi a ƙarshen Disamba. Tafiyar kilomita wajen 200 ce, ta Girei, Song, Gombi da Hong, har Mararraba inda ake karkata zuwa Mubi. Bai kamata ta wuce awa uku ba, amma ramuka da shingayen bincike da hazo su ne ke yanke wa matafiyi lokacin isarsa.

Sanyin wannan yanki daban yake da na Yola, mai kwance a kwarin Binuwai. Da ka wuce Gombi ƙasa ta fara tashi, duwatsu sun fara matsowa, iskar da ke shigowa ta gilashin da ya ƙi rufuwa sai ta riƙa yankan kunne. Ƙurar ma daga nesa take, akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Manyan duwatsun Hong, waɗanda da damina ake hango su tun daga nesa, sai su ɓace ɗungurungum. Direba ya kunna fitila da hantsi, ya rage wuta, domin tirelar shanu kan ɓullo daga cikin hazon ba sallama. In an tsaya gun mai shayi za ka ga fasinjoji sun kewaye murhu, hula da rawani da mayafi duk sun yi fari, leɓɓa sun tsage, wata dattijuwa tana miƙa wa yaron mota man kaɗanya tana cewa, "Ungo ɗan nan, shafa, kada ƙafar nan ta yi faso."

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ake maganar Mubi a Abuja, har ma a Kano, tamkar bangon duniya. A wannan lokacin sanyin ne fa hanyar ta fi cika. An gama girbi, buhunan wake, gyaɗa, masara da dawa suna ta fita. Kasuwar shanun Mubi, ɗaya daga cikin manya a arewa maso gabas, tana karɓar dabbobi daga Kamaru da Cadi, ana loda su zuwa Kudu. Ga ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da na jami'ar jihar Adamawa suna tafiya hutu, ga mutanen Hong da Michika suna komawa gida bikin Kirsimeti. Naman da ake ci a biranen Kudu, wani ta wannan kwalta ya bi.

Sannan akwai bashin tarihi. Yankin nan yana ƙarƙashin Jamus kafin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya aka damƙa amanarsa ga Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa da hannunsu suka zaɓi zama a Najeriya, aka yi lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Mu sauran haihuwa ce ta sa mu cikin ƙasar nan, su kuwa layi suka bi suka jefa ƙuri'a. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye garin, jama'a suka tsere a ƙafa, wasu suka haura duwatsun Mandara zuwa Kamaru. Cikin makonni sojoji da maharba suka ƙwato shi, mutane suka dawo suka buɗe shagunansu. Al'ummar da ta yi wannan juriya ta cancanci hanyar da mai naƙuda za ta bi ba tare da an riƙa yi mata sannu a kowane rami ba.

Can gaba, bayan Michika, a ƙaramar hukumar Madagali, akwai Sukur, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, da fadar Hidi, wato sarkin wurin, a kan dutse da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu tun zamanin kakanni. A wata ƙasar, da motocin masu yawon buɗe ido sun yi layi a nan duk lokacin sanyi, tun da hawan dutse ya fi daɗi ba rana ba ruwa. 'Yan Najeriya nawa ne suka taɓa jin sunan ma?

Roƙona ga masu riƙe da hanyoyin tarayya bai da yawa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa a bushe take, kogin Yedseram da rafukan da ke gangarowa daga duwatsu sun janye, lokacin aiki ke nan. A saki kuɗin kwangila kafin kaka, a ga katafila a kan hanya tun ana rawar ɗari, a daina jira sai hadari ya haɗu a ce ruwa ne ya hana. A kuma shafa farin layi a gefen kwalta, a kafa alamu masu ƙyalli a kwanoni da bakin gadoji tsakanin Gombi da Mararraba, don direban da ke laluben hanya cikin hazo ya ga abin bi.