Jirgin kaya ko na fasinja: kada farar riga ta ruɗe mu

A cikin wani shirin da muke gabatarwa a rediyo ran Lahadi da dare, wani dattijo ya bugo mana waya daga jahar Tawa, muryarsa cike da ɓacin rai. Ɗansa ya ci bak, yana da ƙoƙari a lissafi, tun yana firamare ba ya da zance sai na jirgin sama. Dattijon ya saida rabin garkensa da wani filin da yake da shi a Maraɗi, ya tura yaron makarantar koyon tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu. Bayan shekara biyu yaro ya dawo da takardarsa, sannan ya share shekara guda da rabi zaune a gida yana aika takardun neman aiki, ba amsa. Sai kwanan nan wani kamfani na wata ƙasa ta bakin teku ya ce ya zo, amma jirgin kaya zai tuƙa, da dare, daga gari zuwa gari. Dattijon ya ce mana: «Ɗana, ni ban saida shanuna don yaro ya zama direban kamyo na sama ba. So nike in ga ranar da zai ɗauki alhazai zuwa Jidda.»

Mun ba shi haƙuri, mun ce Baba Alhaji a bar mu mu bincika. To yau ga abin da muka gani, kuma tun da fari mu faɗi matsayinmu: ya bar yaron ya tafi. Amma akwai sharaɗi, za mu zo gare shi.

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne, a dokar hukumar OACI mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, babu takardar tuƙi ta masu kaya daban da ta masu fasinja daban. Permi guda ne. Binciken likita guda ne, Ingilishin da ake bukata mataki na 4 ne ga kowa, kuma dukansu a shekara 65 suke ajiye tuƙi tsakanin ƙasashe. Jirgin Boeing 777 da kamfanin Ethiopian ke lodawa furanni daga Adis Ababa zuwa Liyej ta ƙasar Beljiyam, ɗakin tuƙinsa iri ɗaya ne da na 777 mai ɗaukar mutane sama da 300. Bambancin yana bayan ƙofa, wancan kujeru, wannan akwatuna.

Abin da ke raba matuƙi da matuƙi shi ne awa nawa ya yi a sama. Yaro yana fitowa makaranta da awa 200 ko kusa da haka, alhali kafin ya samu babbar takardar da za ta ba shi damar zama komanda a babban jirgi sai ya cika awa 1.500. Wannan ramin da ke tsakanin 200 da 1.500 shi ne inda burin ƴaƴan talakawa ke mutuwa, don kuwa manyan kamfanoni ba su cika son mai awa kaɗan ba, shi kuma ba ya iya tara awa sai an ɗauke shi aiki. Bugu da ƙari takardar ba kamar dipilom ɗin jami'a take ba da za a saka a jaka shekara goma. Kowace shekara sai an koma wurin likita, kowace shekara sai an sake gwajin tuƙi da na'ura cikin hazo da duhu, kuma duk kuɗi ne. A Turai karatun gaba ɗaya yakan ci daga miliyan 40 zuwa 65 na sefa, sannan koyon wani samfurin jirgi guda kamar Airbus ko Boeing ya ci wasu miliyoyin sama da 10. Ke nan yaron da ke zaune a gida yana jiran farar riga da jakar ja, dukiyar ubansa ce ke narkewa kowane wata kamar kitse a rana. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Yanzu mu zo ga aikin fasinjan da ake yi wa kallon tabbas. Wa ya tuna da Air Afrique? An kafa shi a Yawunde a 1961, ƙasashe 11 suka haɗu, Nijar na ciki. Shi ne alfaharinmu, duk wanda ɗansa ke aiki can a unguwa an san gidansu. A 2002 ya rushe da bashi, matuƙa da ma'aikata dubbai suka watsu, wasu suka share shekaru suna bin haƙƙinsu. Kafin shi namu na gida, Air Niger, wanda aka buɗe a 1966, ya riga ya kwanta tun 1993. Sai kuma shekarar 2020 ta korona, lokacin da yawan fasinjan duniya ya faɗi da kashi 60 cikin 100. Mu nan an rufe filayen jirginmu ga fasinja daga watan Maris har 1 ga Agusta, amma jiragen kaya ba su daina sauka a filin Diori Hamani ba, don su ne ke kawo magani da kayan likita. Air Mauritius ya shiga hannun masu gyaran bashi a wannan shekara, Air Namibia aka rufe shi a 2021. Shi kuwa Ethiopian abin da ya yi shi ne ya cire kujeru daga wasu jiragensa na fasinja ya cika su da kaya, da haka ya tsallake. A lokacin babu wanda ya ce da matuƙansa direbobin kamyo.

Batun alhazai kuwa, mun fahimci zuciyar Baba Alhaji, kuma wane musulmi ne ba zai so ɗansa ya samu wannan lada ba? Amma aikin hajji na makonni ne a shekara. Alhazanmu wajen dubu 15 galibi kamfanonin waje ne ke ɗibarsu, wani lokaci ma da jiragen haya da matuƙansu, su gama su koma inda suka fito. A 2020 da 2021 ko mutum guda bai tashi daga nan ba. Ba a gina rayuwar shekara 40 bisa aikin wata biyu.

Ba mu ce aikin fasinja ba ya da daɗi ba. Yana da shi, kuma ƙarya ne a ɓoye. Yawanci jiragen sun fi sabunta, jadawalin aiki a bayyane yake, iyali na samun rangwamen tikiti, kuma a yankinmu guraben sun fi yawa a nan, tunda ASKY da ya fara tashi daga Lome a 2010 da Air Côte d'Ivoire na 2012 duk fasinja ne abincinsu. In da yau ɗaya daga cikinsu ya kira yaron, da sai mu ce ya ruga. Amma ba su kira ba, kuma abin da zai sa su kira gobe shi ne awannin da zai tara a jirgin kayan nan da ake rainawa.

Shi ma aikin kaya yana da nasa nauyi, kuma a nan ne muke so iyaye su buɗe ido, don ba inda suke kallo matsalar take ba. Kaya da dare yake tafiya. Ana karɓar saƙo da la'asar, a yi lodi bayan isha'i, a tashi tsakar dare don ya isa da safe. Matuƙi zai koma kamar mai gadi, rana barci dare aiki, ƴaƴansa na tafiya makaranta shi yana shigowa. Mu da muka taɓa riƙe shirin asuba na tsawon shekara biyu mun san abin da rashin barci ke yi wa kan mutum, amma mu in muka yi gyangyaɗi faifai ne kawai zai ƙare a ji shiru. A watan Agusta na 2013 wani jirgin kaya na UPS ya faɗi kafin asuba dab da sauka a Birmingham ta Amurka, matuƙa biyu suka rasu, kuma masu bincike sun ambaci gajiya cikin dalilai. Abin mamaki, sabuwar dokar hutun matuƙa da Amurka ta fara aiki da ita a 2014 ba ta tilasta wa kamfanonin kaya ba. Wato ko a can ɗin, inda matuƙan FedEx da UPS ke cikin waɗanda suka fi kowa albashi, ana ganin kamar ran mai ɗaukar akwati bai kai na mai ɗaukar mutane ba.

Ana cewa kaya ba ya magana, ba ya zagi, ba ya neman ruwa. Gaskiya ne, amma kuma ba ya gaya maka abin da ke cikinsa. A watan Satumba na 2010 wuta ta tashi cikin wani Boeing 747 da ya taso daga Dubai da lodin batura irin na salula, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi, jirgin ya faɗi da matuƙansa biyu. A watan Afrilu na 2013 a Bagram ta Afganistan, motocin soja da ba a ɗaure da kyau ba suka zame zuwa baya lokacin tashi, mutum 7 suka halaka. Kusa da mu, a watan Yuni na 2012 wani tsohon Boeing 727 na kaya da ya taso daga Legas ya wuce ƙarshen hanyarsa a Akara ya afka wa motar haya a titi, a watan Oktoba na 2017 kuma wani Antonov ya faɗa teku a bakin Abijan, mutum 4 suka rasu.

Duk wanda ya san hanyar Konni zuwa Tawa ya san kamyon da aka yi wa lodi har ya karkace, direba ya san ya wuce ƙima amma mai mota ya ce in ba za ka ja ba ga wani nan yana jira. Wannan halin yana nan a sama. Kuma a ƙasa irin tamu ya fi haɗari, domin a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura 43 a Yamai, iska takan yi sako-sako, fukafuki ba su samun abin riƙo yadda ya kamata, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Lodin da jirgi zai ɗaga cikin sanyin Janairu ba lalle ya ɗaga shi da azahar ɗin bazara ba. Komanda ne doka ta ba ikon ya ce a sauke tan guda ko a jira dare. Tambayar ita ce, in ya faɗi haka, gobe zai tarar da aikinsa?

Ga sharaɗin da muka ce za mu zo gare shi. Kafin yaro ya sa hannu, a bincika kamfanin, ba irin kayan da yake ɗauka ba. Wace ƙasa ta ba shi izinin aiki, kuma jiragensa lambar wace ƙasa ke jikinsu? Sunansa na cikin jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga samaniyarta, jerin da take bugawa tun 2006 kuma kowa na iya dubawa? A ina ake gyaran jiragen? Ana kai matuƙa gwaji a na'urar kwaikwayon jirgi a kai a kai, kuma wa ke biya? In sun ce su za su biya masa koyon samfurin jirgin, shekara nawa za su ɗaure shi, nawa zai maido in ya tafi? A kai takardun hukumar ANAC a Yamai a nemi shawara, a kuma nemi wani matuƙin da ya bar kamfanin a ji dalilinsa. In kuwa aka ce yaro ne zai biya kuɗi don a bar shi ya zauna kujerar mataimaki ya tara awa, to a tashi a bar wurin, ko jirgin na fasinja ne mai fenti sabo.

Wani abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ko wanne yaron ya zaɓa, ƙaura ce ke gabansa. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana nan Yamai tun 1963, ta horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi da injiniyoyi na ƙasashe da dama, amma ba ta koyar da tuƙi. Mai son tuƙi sai ya nufi Zariya, inda makarantar ke nan tun 1964, ko Adis Ababa, ko nesa da haka. Babban kamfanin jirgin kaya kuwa da wuya ya yi gida a nan muddin jirgi zai zo mana cike ya koma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Albasar Galmi da kamyo take tafiya, dabbobinmu da ƙafarsu suke tsallaka iyaka maimakon su fita a matsayin nama mai sanyi. Kayan da ke bin sama bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin cinikin duniya ba, amma ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na darajarsa, kuma mu ƙasar da ba ta da teku mun ɗanɗana a 2023 abin da rufe iyaka ke nufi ga magani a likita. Masu rabon bursu a ma'aikatun minista ya kamata su dubi wannan fanni da idon basira.

Ga masu ganin jirgin kaya ƙasƙanci ne, muna tuna musu da Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar sojan samanmu a 2015. A 2020 ta kammala horo a Amurka bisa jirgin C-130, duk ƙasa ta yi murna, mu ma mun karanta labarin a rediyo har sau uku a rana guda. C-130 jirgin dakon kaya da sojoji ne.

Mun sake kiran Baba Alhaji ran Talata muka karanta masa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, yaron na gefe yana rubutawa. Ya ce zai yi shawara da ƙanensa da uwar yaron. Kamfanin dai ya ba su zuwa ƙarshen wata, takardar likitan yaron kuma saura wata biyu ta ƙare.